Hannun Maigidana a Kan Sitiyari

Mulkin kai bai daɗe da zuwa ba maigidana ya samu aikin tuƙi wajen wani Alhaji mai sayen gyaɗa da mazarƙwaila a Makarfi. Motar ta hannu ce, surukin Alhajin ne ya sayar masa daga Zariya. A unguwarmu kaf babu wanda ya iya tuƙi sai maigidana, ni kuwa har wani ɗaga kai nake a gidan biki.

Da damina abin ya fara. Ya dawo daga Paki, bai ko taɓa tuwo ba, ya ce mini, "Motar nan in na taka birki sai sitiyari ya kama rawa. In ina gudu lafiya lau."

Na ce, "To Malam, ko taya ce?"

Ya ce da taya ce, da ko bai taka birki ba za ta yi. Washegari ya ɗaga ƙafar gaba da jak, ya juya ta da hannu, ya kasa kunne. Tana zagayowa sai ta gogi wani abu a wuri guda, ta wuce, ta sake gogawa. Ya ɗauko mini murfin kwanona da ya lanƙwashe, ya ce haka ƙarfen da birki ke kamawa a cikin ƙafar ya koma. Ya yi zafi ne a hanya, suka faɗa rafi da shi, don hanyar Paki ba gada a lokacin.

Ya sami Alhaji shi kaɗai, ya durƙusa ya gaya masa. Alhaji ya ce, "Wato surukina ruɓaɓɓiyar mota ya ba ni? Kada in ƙara jin wannan magana." Maigidana ya roƙe shi ya dawo gaba ya ɗora hannu a sitiyarin ya ji da kansa. Ina! Tun da Turawa suka tafi, mai mota a baya yake zama. Ya taɓa sitiyari, a ce ya zama direba?

Ga kuma al'adarmu: ba a wuce majalisar dattawa a mota, sai an tsaya an gaisa. Daga Makarfi zuwa Kudan, daga Kudan zuwa Ikara, duk gindin bishiyar da mutane ke zaune sai ya taka birki. Su kuwa suna tasowa gaida Alhaji, abin da idonsu ke fara gani hannuwan direba ne suna karkarwa har kafaɗa. Babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari a cikinsu, balle ya san daga ina rawar take.

A gidan suna na fara ji. Wata tsohuwa ta ja ni gefe, wai in yi haƙuri, in dage da addu'a, masu zuwa Sabon Garin Zariya sai a hankali. Na ce me ya faru? Ta ce ai kowa ya ga hannunsa, irin na masu shan burkutu ne. Wallahi da ba sa'ar uwata ba ce, da na zage ta tas. Mutumin da ko goro bai dame shi ba!

Na dawo ina huci, na ce ya fita ƙofar masallaci ya faɗi gaskiya, motar ce ba lafiya. Ya ce, "In tona asirin surukin Alhaji a bainar jama'a? Ki bari, Allah na gani." Wannan kunyar tasa ita ta cuce mu, kuma har yau ina jin haushinta.

Da, in liman ya yi tafiya maigidana ake turawa gaba ya ja salla. Aka daina. Kafin kaka Alhaji ya karɓi makullinsa, ya ce ba zai sa ransa a hannun mashayi ba. Ya ɗauko wani direba daga Zariya, wanda bai san kunyar kowa ba. Ran da ya fara fita ya wuce da motar gareji, aka canja ƙarfen, rawa ta ɗauke. Sai mutanen gari suka ce to ka gani, an sauya direba, hannu ya daina rawa.

Maigidana ya koma gonar rake. Bai ƙara riƙe sitiyari ba, bai kuma ƙara tayar da maganar ba, ko da ni. Alhaji ya san gaskiya, don direban ya gaya masa, amma bai taɓa buɗe baki ya wanke shi ba.

Ran da maigidana ya rasu, ina zaune cikin mata, sai na jiyo wani dattijo a zaure yana yi wa 'ya'yana ta'aziyya. Ya yabi haƙurinsa, ya yabi zumuncinsa, sannan ya ce, "Allah ya gafarta masa. Ai ya tuba daga baya."

Na ji babban ɗana ya ce amin.