Ranar da Ludayi Ya Tsaya a Hannun Laure

A gidanmu na Gwashi, farkon shekarun tamanin, kakata da muke kira Inna Babba tana da wani tsohon ludayi mai guntulallen baki wanda ya daina shan fura. Da an idar da magariba an sauke tuwo, sai mu kewaye murhu, ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri." In ta gama tatsuniya sai ta miƙa ludayin. Duk wanda ya riƙe shi shi ke da magana, ko shirme yake zubawa, wanda ya katse shi kuwa a murɗe masa kunne. Kunnena ya fi na kowa sanin wannan doka.

Cikinmu akwai Laure, 'yar rugar Fulanin bayan gari, gida uku kacal. Takan kawo nono ta kwana wajen Inna Babba. Muna yi wa Hausarta dariya, shi ya sa in ludayi ya zo kanta sai ta tura shi gaba.

Wata damina, gero ya fara fid da kai, aka wayi gari an yi wa gonar Babana kaca-kaca. Ba wanda ya tsaya bincike. Aka ce shanu ne, mai gari ya ba rugar kwana uku su tashi. Mahaifin Laure ya je fada, hayaniyar jama'a ta hana shi buɗe baki.

Da yamma Laure ta zo ido jajir. Inna Babba ta dube ta, ta ɗauko mana tatsuniyar kaji da zabuwa. Wai ƙwai ne ya riƙa ɓacewa a akurki, kaji suka yi taro suka ce duk wanda kukansa bai yi kama da nasu ba, ba shi da ta cewa. Zabuwa ta ga ɓarawon da idonta, guza ne, amma da ta ɗaga kai sai su rufe ta da kyarkyara. Suka kore ta daji. Ƙwai bai daina ɓata ba, suka kori agwagwa, sannan fingi saboda gashinta a birkice yake, har kowace kaza ta koma kwana da tsoron nata ranar.

"Nan ni aje ta," in ji Inna Babba, ta ɗora ludayin a cinyar Laure. Yayana ya fara ƙyalƙyala, ta watsa masa harara. "Kul! Yau ko da hillanci za ta yi ta, sai kun jiya. Hwaɗi, ɗiyata, mi kig gani?"

Laure ta riƙe ludayin da hannu biyu. "Inna, kohwaton nagge a tsage shike. Sawun da ag gonag ga dunƙulalle na. Na jakkai na."

Jakunan unguwarmu duka na Baffa Sani ne, autan Inna Babba, kuma kowa ya san ɗaurin ganin dama yake musu.

Da safe Inna Babba ta ja hannun Laure har fada, inda mace ba ta magana, ni ina biye. "Ranka shi daɗe, ka ji bakin masu gona, ba ka ji na masu shanu ba," in ji ta. "Ɗan da ni haihwa za ta tona, amma a bari yarinyag ga ta hwaɗi." Mai gari ya tsawatar aka yi shiru, Laure ta faɗi, aka je aka duba sawu, aka tarar na jakuna ne. Ruga ta zauna. Baffa ya yi wata guda yana gai da Inna Babba a daƙile, ita ko a jikinta.

Sai da na girma na koyar a Gummi da Anka na gane abin da ta yi. Masu yawa ba sa buƙatar ludayi, hayaniyarsu ta ishe su. Mutanen gida uku a bayan gari kuwa, in aka hana su magana, ba su da sauran abin kare kai. Har yau in na tuna tafiyarta zuwa fada, sai in ji ina alfahari da na fito daga jikinta.

Da Inna Babba ta rasu, Laure ta zo ta'aziyya da goyo a baya. Abu ɗaya ta roƙa, wannan ludayin. Baffa Sani ne da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko ya miƙa mata.