Iro Mai Ramuka da Wasan Burtali

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne sakaran. Marigayi Iro Mai Ramuka kuwa kun san shi. Duk inda ya zauna, kafin a gama gaisuwa babban yatsansa ya fara haƙa ramuka a ƙasa. Ko zaman makoki ne, in ya tashi sai ka ce kaji ne suka yi tono.

Tare muka yi firamare a Safana. Ranar jarrabawar shiga sakandare ina ta gumi, shi kuwa ya kifa takarda yana zana gidajen dara. Ya faɗi. Aka sake masa, ya sake faɗuwa. Hedimasta ya ce, "Iro, me ke cikin kan nan naka?" Ya ce, "Malam, tambayoyinku ne ba daɗi. Kowace amsarta ɗaya, kuma kun riga kun san ta." Kai, ya sha bulala! Ni na ci, na ɗan leƙa sakandare, na ƙare masinja a ƙaramar hukuma. Shi ya koma ƙauyensu Tsaskiya yana noma, yana ƙirƙiro wasanni da ƙwallon aduwa da karan dawa.

Duk sabon wasa ni yake fara kawo wa. Ya tako keke har Batsari ranar kasuwa, ya zazzage jaka a ƙofar gidana. "Ɗan boko, zauna." Sai in gyara hula. Ai dole, wa zai kai wa in ba mai ilimi ba? In na kasa ganewa, sai ya share ramukan da ƙafa ya tafi, ko ruwa ba ya sha. In kuma ya cinye ni a jere, sai ya canja doka. Na ce, "Iro, mutane na maguɗi don su ci, kai kana yi don a cinye ka?" Ya ce, "In ni kaɗai ke ci, gobe wa zai zauna da ni?"

Sai shekarun nan na 'yan bindiga suka zo. Daji ya ƙi shiguwa, gona ta gagara, mutanen ƙauye suka kwararo Batsari, har da Iro da matarsa Hajo. Maza suka tare a gindin dalbejiya, manoma gefe, makiyayan da aka kwashe wa shanu gefe, ba mai ce wa wani sannu. Abin ya hana Iro sukuni. Ya rantse sai ya yi wasan da zai zaunar da su a tabarma ɗaya.

Ya sa masa suna Burtali. Ɗaya na riƙe da karare, su ne gonaki. Ɗaya da ƙwallaye, su ne shanu. Sai shanu sun kai rafi ba su taka kara ba. In hanya ta toshe, duka biyun sun faɗi.

Na ce, "Wannan ai wa'azi ne."

Ya ce, "To zauna ka sha wa'azi."

Damina guda muna abu ɗaya. Yana tari, yana rama, yana share ramuka yana sake haƙawa. Wallahi na gaji, in na hango jakarsa sai in ji bayana ya ƙage. Ranar da na kai shanu rafi da kaina, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, ya nuna." Ya kwashe ya nufi dalbejiya. Wani tsohon makiyayi da wani manomin ƙauyen Yasore suka fara zama. Har magariba suna zagin juna, amma dai a tabarma ɗaya.

Iro bai ga kaka ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa shi inda ba gudun hijira.

Da na je yi wa Hajo gaisuwa, na ce in ɗan sanyaya mata rai. "Hajo, ki yi haƙuri. Marigayi bai yi karatu ba, amma ya san darajarsa. Ba wasan da ya fitar sai bokona ya duba."

Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Wane boko, Malam Sale? Cewa yake in kai ka gane, to ba wanda zai kasa."