Ruwan da Ke Hutun Juma'a

Shekarar da nake digiri na biyu a Wudil, aikina shi ne in gano yadda ruwan sama ke ratsa ƙasa har ya kai ga rijiyoyi. Wasu 'yan ƙarafa ne masu auna danshi ake binnewa a gona, a riƙa kwashe abin da suka auna ana zuba wa kwamfuta, ita kuma ta zana hanyar ruwan. Sharaɗin ɗaya ne tak: kada kowa ya taɓa wurin. Duk ɗan karen surutuna, shi kaɗai na manta ban faɗa wa mai gonar ba.

Mai gonar wani dattijo ne a Utai. Gonar jigawa ce, yashi zalla. Yana da sa ɗaya, kuma ya daɗe yana son ya sayar da shi ya haƙa rijiya don noman albasa da rani, tsoron rijiyar ta fito busasshiya ne ya hana shi. Ranar da na binne ƙarafan na ce, "Baba, ga amana nan, ka kula min da su." Ya ce, "'Yata, kin gama magana."

Damina ta wuce, ciyawa ta bushe, amma ƙarafana suka ce ƙasar jiƙe take sharkaf. Kullum da safe danshi sai ya tashi, ban da ranar Juma'a. Mako takwas a jere! Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni kuwa na zauna ina murɗa lissafi, in ƙara nan in rage can, har kwamfutar ta gaji da ni ta yarda cewa ruwa na tasowa daga ƙasa, kuma bai fi gaba biyu ba. Na rubuta babi guda cur a kan dalilin da ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ke hutawa ranar Juma'a. Malamin da ke duba aikina ya cire tabarau ya goge, ya ce shi dai bai taɓa gani ba, amma ilimi faɗi gare shi. Kaina ya kumbura, wallahi har tafiyata ta sauya.

Na je na ce wa Baba ya haƙa, kwamfuta ta ga ruwa. Ya ce, "Da idonta?" Na ce da idonta.

Wata Asabar na dace da mota da wuri, na isa gonar rana ba ta yi zafi ba. Sai ga Baba a tsugune, kekensa jingine da jarkoki biyu. Ya yi wa kowane ƙarfe ɗan gurbi kamar dashen mangwaro, ya zuba taki, ya kafa musu zana don inuwa, yana zuba ruwa da gwangwani a hankali.

"Innalillahi! Baba, me kake yi haka?"

"Amanarki nake shayarwa," in ji shi. "Abin da aka sa a ƙasata, bai taɓa kwana da ƙishi ba. Har taki na ba su, shiru ba su tsiro ba, na ce ƙila irin na Turai ne."

Ashe tun ɗaukewar ruwa yake zuwa rijiyar wani ƙauye yana ɗebowa. Juma'a ce kawai ba ya samu, saboda yana tafiya kasuwar Wudil, inda ake cinikin shanu. Babina guda, ashe ranar kasuwa na auna.

Haushi ya turnuƙe ni, na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga ƙafafunsa duk faso. Kunya ta kama ni, sannan tsoro ya biyo baya.

"Baba, don Allah ka dakata, kada ka sayar da san nan. Babu ruwa a nan. Naka ne na yi ta aunawa."

Ya juye sauran ruwan a kan ƙarfe na ƙarshe, ya kife gwangwanin.

"'Yata, ai jiya Juma'a."