Inda gyaɗa ke kai 'ya'yanta

A Laranto na tashi, zamanin da sanyin Jos ke da haƙora. In ka yi magana a tsakar gida sai ta daskare, sai rana ta fito a ji abin da ka ce. Shi ya sa da an cinye tuwo muke zagaye kaskon wutar kakarmu Iya, tana tura masa guntayen itacen da Baba ke kwaso mata daga kasuwar Katako.

Iya na da ɗan lambu a bayan madafa. Wata yamma na kawo mata ƙara cewa gyaɗarta ta haukace: fure ya bushe, wani tsinke ya fito a gurbinsa, maimakon ya yi sama sai ya sunkuya yana cusa kai cikin ƙasa.

"Zauna, Sarkin Surutu," in ji ta. "Ku matsa, tatsuniya ta zo jin ɗumi."

Wai da can a sama gyaɗa ke haihuwa, kamar wake. Kowa ya zo wucewa sai ya latsa 'ya'yan ya ji ko sun ƙosa, tsuntsu ya tsattsaga, akuya ta ƙarasa. Da ta gaji da kuka sai ta kai wa Ƙasa riƙonsu. Ƙasa ta karɓa, amma da sharaɗi: ba mai tonawa ya duba, ko da uwar ce.

"Iya, in sun mutu a ciki fa?" na ce.

"To in ka tona, kai za ka raya su?"

Yau ga ni da furfura, da tumbin da ke riga ni yin sallama. Ɗana Mubarak ya gama jami'a, aiki shiru. Ya shige ɗaki da kwamfuta, wai yana koyon wani abu. Da, tare muke hira. Tun da na fara titsiye shi kullum kamar ɗan sanda, ko abinci a ɗaki yake ci. Na ga da bakina zan kori yaron nan.

Na daɗe ina zaton haƙurin manomi Iya ke koya mana. Ashe wahalar uwar take nufi, wadda ke tsaye a kan 'ya'yanta ba ta ganinsu.

Jiya na je ƙofarsa da tambayoyi buhu guda. Ya buɗe, fuska a ɗaure, yana jiran hari.

"Shayi zan dafa," na ce. "A sa da kai?"

Sai ya ɗauko kujerarsa ya biyo ni tsakar gida.