Muryar da Bawa ya ara wa mai farar riga

Bawa mutumin 'Yankuzo ne, ta wajen Tsafe, manomi ɗan manomi. Allah ya ba shi abu guda da bai ba 'yan uwanshi ba: in ya ji muryarka sau biyu, to ya ɗauke ta. A gona yakan yi maganar mai gari, ya juya ya yi ta dillalin shanu, mutane su aje fartanya suna riƙe ciki. Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma ya kwaso matarshi Kulu da ɗiya uku, suka zauna wani kango a Gusau, daga nan sai Bungudu, inda baffan Kulu, Malam Haliru, ya ba su ɗaki guda a bayan gidanshi. Ɗakin nan shi ne duk abin da ya rage ma Bawa a duniya. Malam Haliru kuwa shi ke riƙe da makullin siton hatsin zakka na unguwa. Farin kaya, farin gemu, magana a hankali kamar mai lallashin jinjiri.

Bawa ya samu aiki a gidan kallon Lawwali, bakin kasuwa. Bayan azahar akan tada janareto, a sa wani fim na Turawa mai kashi-kashi, na mutanen da duniyarsu ta ƙone, suka shiga jirgi mai girman gari suna yawo tsakanin taurari. Bawa bai jin Turanci ko kalma guda. Makirufo zai riƙe, ya dubi fuskar mutum, ya sa mishi magana da muryar wani ɗan gari. Matuƙin jirgin ya samu muryar sarkin tasha, likitarsu ta samu ta mai ƙosai.

Akwai shugaban jirgin, mai farar riga har ƙasa da carbin ƙarfe a wuya, wanda ba ya raba ruwa sai ya ɗaga hannu sama. Bawa ya duba Bungudu kaf, bai ga wanda ya cancanci wannan ba sai surukinshi Malam Haliru, sai ya ara mishi muryarshi. Don girmamawa ya yi. Har dattawa suka fara leƙowa, kuma an ce da labarin ya kai ga Malam Haliru murmushi ya yi.

Lawwali ba ya ƙona mai sau biyu, saboda haka Bawa bai taɓa ganin wani kashi na fim ɗin ba kafin jama'a su gani. Ranar wata Laraba ruwa ya yi ƙaranci a jirgin. Shugaban ya tara tsofaffi da marasa lafiya, yana dafa kan kowa, yana shigar da su wani ɗaki. Bawa, da muryar Malam, yana ta cewa Allah ya yi muku albarka, ku shiga ku huta, Allah na tare da mai haƙuri. Shugaban ya rufe ƙyaure, ya ɗaga hannu, ya taɓa wani maɓalli. Sai bayan ɗakin ya buɗe, aka ga mutanen suna shawagi a waje, baki buɗe, sun sandare.

Bawa ya daure ya ce asibiti aka kai su. Lawwali ya ce wane irin asibiti ne ba shi da ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Can baya wani Abdulaziz, ɗan gudun hijira daga Karakkai, ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Haka ya ce ma innata ranar da ya rufe sito. Kalma guda ba ta canza ba."

Daga nan wani ya ambaci motar da ke ɗaukar buhuna daga bayan gidan Malam zuwa kasuwar Gusau. Kafin magariba maganar ta gama unguwa.

Washegari bayan la'asar Malam ya aika kiranshi. Bawa ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa, kai ƙasa. Ba a ɗaga ido a yi wa baffan mata bayani, ko da gaskiyarka. Mai muryoyi arba'in, ranar ko tashi muryar bai samu ba. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce ɗakin da ya ba su yana son ya zuba hatsi a ciki, ya kuma ji an ce hanyar 'Yankuzo ta lafa, ga damina ta sauka, bai kamata manomi ya zauna ba. Ya matso ya dafa kan Bawa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya kai ku lafiya."

Bawa ya ce amin.

Suka koma. Ya shuka gero, ya yi noman farko. Bai kai ga maimai ba, 'yan bindiga suka iske shi a gona da hantsi, suka kashe shi. Kulu ta koma kangon Gusau da ɗiyanta, tana can har yau tana wankau.

Da labarin ya iso Bungudu, Malam Haliru ya sa aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gidanshi, shi ya ja addu'a, har da hawaye. Jama'a suka shafa. Makullin sito na cikin aljihunshi.