Takardar da ta sa inshora suka yarda a yi min aiki

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Highbridge, wata unguwa a nan ƙasar Turawa, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, na shafe kusan shekara biyu ina fama da kamfanin inshora kan su biya tiyatar rage min mama. Yanzu ne nake iya faɗar haka kaina a ɗage. A wancan lokacin ko a gaban likita sai in ce bayana ke ciwo, in ja bakina in yi shiru, kamar shi ba shi da ido.

Tun ina budurwa Allah Ya yi ni da girman ƙirji, bayan haihuwata ta biyu kuma abin ya wuce misali. Igiyar rigar mama ta yi min rami a kafaɗu. Da zafi ƙasan ƙirjin sai ya saɓule ya riƙa ruwa, in barbaɗa hoda in sa tsumma in fita aiki. Idan na yi ruku'u sai na dafa bango nake miƙewa. Daga baya yatsu biyu na hannun dama suka fara mutuwa, wani lokacin cokali ya faɗi ban sani ba.

Wata ƙawata 'yar Kumasi, wadda muke aiki a kamfani ɗaya, ita ta ja ni wurin wata likita mace. Likitar ta duba ni ta ce wannan ciwo ne, nauyin ne ke danne min jijiya, kuma inshorar wurin aikina za ta iya biya. Da na gaya wa mahaifiyata a waya, sai ta ce, "Ke 'yar nan, halittar Allah za ki kai a yanke?" Sai da na aika matar limamin masallacinmu ta tambayo min, ya ce lalura ce, neman magani ne. Mahaifiyata ta yi min addu'a, amma na ji a muryarta ba ta so.

Abu na farko da inshora suka nema hotuna ne. Na tsaya a wani ɗaki mai sanyi, ba riga, wata ma'aikaciya tana cewa in juya dama, in juya hagu. Ni da ko a ɗakin haihuwa sai da na riƙe zanina. Na tambaye ta wa zai ga hotunan, ta ce masu duba fayil a ofishin kamfanin. Ban san ko maza ne ko mata ba, har yau ban sani ba. Na fito na zauna a tashar bas ina kuka a cikin mayafi.

Bayan sati shida amsa ta zo. Sun ce aikin kwalliya ne, ba su biyan kwalliya. Na kalli kaina a madubi da takalmin roba da rigar aiki mai warin man zafi, na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ni da likitar muka sake nema, suka ce babu shaida a rubuce cewa na daɗe ina ciwo. Gaskiyarsu ne. Shekara goma ina haƙuri da man zafi da ruwan ɗumi, ban taɓa zuwa an rubuta ba. Suka ce in yi wata shida ina zuwa gashin ƙashi, in kuma rage ƙiba. Na yi. Ranar hutuna ɗaya a sati can nake ƙarar da ita, na bar tuwo da shinkafa har fuskata ta zube, amma ƙirjin yana nan yadda yake. Da na cika wata shidan suka ce likitan ƙashi bai sa hannu a wani fom ba, a sake turowa.

A lokacin wata tsohuwa nake kula da ita a unguwar Harlem, baƙar fata, tsohuwar malamar makaranta, ta haura tamanin. Mace mai tsafta da tsokana. Ita ce ta gyara min Turancin wasiƙar ɗaukaka ƙarata da jan biro, tana faɗa wai rubutuna ya cika ladabi, mutanen nan ba a roƙonsu.

Wata safiya ina fito da ita daga wanka, na tallafe ta da hannun dama kamar kullum, sai hannun ya mutu gaba ɗaya tun daga kafaɗa. Ban ji lokacin da ta suɓuce ba, ƙarar faɗuwarta kawai na ji. Ƙashin ƙugunta ya karye. Tana kwance a ƙasa, ina lulluɓa mata tawul ina jiran motar asibiti, ta ce min, "Kar ki ce musu laifinki ne, 'yata. Ki ce santsi ne."

Ban iya ba. A rahoton da na rubuta wa wurin aiki na faɗi abin da ya faru, cewa hannuna ne ya saki. Suka dakatar da ni daga duk aikin da ake ɗaga mutum, awannina suka ragu, aka kuma sanar da ni cewa in suka ci gaba da raguwa inshorar ma za ta tsaya nan da wata uku.

Likitata ta nemi kwafin rahoton, ta haɗa da wasiƙarta ta tura. Kwana goma sha ɗaya suka amince. Wata ashirin na hotuna da gashi da yunwa ba su yi abin da takarda guda ta yi ba. Aka yi min aiki saura sati biyu inshorar ta yanke. Ƙawata ce ta yi jinyata, ita ke kai yarana makaranta.

Na warke. Bayana ya daina ciwo, ina sallah kamar kowa, ramin kafaɗun ma ya cike. Yatsun nan biyu dai ba su dawo ba, likita ta ce jijiyar ta daɗe a danne. Tsohuwar kuwa ba ta sake komawa gidanta ba. Daga asibiti aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi a Bronx, a keken guragu. Na je dubiya sau huɗu. Zuwan farko ta kalle ni sama da ƙasa ta ce na yi kyau, na miƙe kamar sanda, ta tambaye ni ko wasiƙarmu ce ta yi aiki. Na ce mata eh, ita ce. Kafin shekara ta zagayo ta rasu.

Abin da nake gaya wa matan da ke zuwa su yi min raɗa a wurin suna ko biki shi ne su je asibiti tun da wuri, su faɗi sunan abin da ke damunsu, a rubuta. Mu an raine mu a kan kunya da haƙuri, kuma a ƙasar nan ciwon da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Da na buɗe baki shekara biyar kafin nan, wataƙila da hannuna bai kai ga mutuwa ba.

Mutane suna ce min na yi sa'a, da yawa ba a amince musu. Ina amsawa da alhamdulillahi, kuma da gaske nake. Amma na san da me aka sayi sa'ar tawa, kuma wadda ta biya ta tafi ba ta sani ba.