Gumbar Kawu da jar kibiya

Ina cikin auna wa wata mata gero Kawu ya karɓe wayata ya ƙura wa allonta ido. Shi ne mai shagon hatsin da nake tsarewa a Bodinga, kuma ni na matsa masa muka sa manhajar lissafin ciniki.

Jar kibiya ya gani ta kalli ƙasa, wai ciniki ya faɗi warwas.

Ya ce, "Baki ya kama shagon ga. In ko sakacinka ne, Kajiji za ka koma noma."

Kafin azahar ya sa an daka gumba, aka shiga rabon sadaka.

Ina cin tawa cikin zullumi na sake dubawa. Ashe cinikin kwana taran watan nan manhajar take gwadawa da na watan jiya sukutum! Na gyara, tara da tara. Kibiya ta koma koriya.

Na ruga na nuna masa, zan fara bayani ya tare ni.

"Ka gani ko? Tun ba a ƙare rabo ba sadaka ta karɓu!"

Na ce, "Awo, Kawu."

Yanzu duk farkon wata sai an daka gumba. Jama'a, in faɗa masa gaskiya, ko in bar unguwa ta ci gaba da lasar baki?